Hoto Ma Fassara Ne: Labarin Haihuwar Almasihu a Hannun Yaran Gobir

Masana sun daɗe suna nazarin kalmomin Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 bayan wahalar da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha. Amma ba a cika kula da hotunan da a ke nuna wa ƙananan yara ba, alhali kuwa yaron da bai kai shekara huɗu ba, hoto shi ne karatunsa na farko.

Gobirawan Sabon Birni da na Tsibiri dangin juna ne, iyakar Turawa ce ta raba su. Mishan ta SIM ta sauka Damagaram a 1924, daga baya ta zauna Tsibiri, ta kuma buɗe asibitin Galmi a 1950. A Sabon Birni da Isa kuwa Kirista tsiraru ne a tsakiyar Musulmi. Saboda haka abin da aka koya wa yaro a gida ko a makarantar Lahadi, da shi zai fita dandali wurin abokan wasansa.

To, mai karatu ya ɗauki irin littattafan hotunan nan da aka tsara a Turai, ya gwada su da nassi. Luka, a sura ta 2, ya ambaci komin dabbobi da makiyaya masu kwana a fili. Bai ambaci sa da jaki ba. Matiyu ya kawo masanan gabas da kyautai iri uku, bai faɗi yawan mutanen ba. Dusar ƙanƙara da itacen Kirsimeti kuwa ba su cikin ko ɗaya. Watau mai zane ya fassara labarin zuwa ƙasarsu, sa'an nan aka miƙa wa ɗan Bagobiri fassarar wani, ya ɗauka ita ce asali.

A nan ne aikin hannu ya fi littafin. Kirsimeti yana faɗowa da hunturu, an gama girbi, kara ya yi yawa, Fulani suna kwana da dabbobinsu a gonaki. Yaron da ya ga yayyensa suna ƙera motar kara da shanun yumɓu, in aka ba shi kara da totuwa ya haɗa komi, ya ɗora 'yar tsana, ya fi kusa da Luka bisa ga wanda aka nuna wa bukkar katako cikin ƙanƙara. Ba baƙon abu ba ne kuma. Faransis na Asisi da komi da dabbobi masu rai ya nuna labarin a Greccio a 1223, Fada Kevin Carroll kuma ya sa masassaƙan Yarabawa sun sassaƙa shi bisa fasalinsu a Oye-Ekiti tun daga 1947.

Amma fa akwai wurin tsayawa. Maƙwabcin yaron nan ya san labarin ta wata hanya, gama a Suratu Maryam an haifi Annabi Isa ne a gindin dabino, ga ƙorama kusa. Littafin 1932 kuwa Yesu ya ke cewa. Banda haka, siffanta annabi da yumɓu abin ƙi ne ƙwarai ga Musulmi. Malamin da ya sallami yaro gida da gunkin jariri a hannu, bai auna unguwar da yaron zai ratsa ba.

A ganina, a bar ƙananan yara su gina wurin: komi, tumaki, wutar makiyaya, tauraro. Jaririn kuwa ya zama ƙunshin zane marar fuska, tun da Luka kansa zanen goyo ya ambata, bai siffanta kamanni ba. Malaman kwalejojin horo ya kamata su koya wa ɗalibansu tambayar kowane hoto abin da su ke tambayar kowace kalma: ina ya ke a cikin nassi, wa kuma zai gan shi?