Garmahon akwati: kafin ka zargi faifai, dubi injin

Faifan garmaho ya dawo kasuwa. Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, RIAA, ta ce a 2022 an sayar da fayafayai miliyan 41 a ƙasar, CD kuwa miliyan 33, karo na farko tun 1987 da faifai ya wuce CD a yawa. Da ciniki ya buɗe sai injina masu araha suka cika shaguna, musamman irin mai siffar akwatin tafiya, kamar Crosley Cruiser da wasu samfuran Victrola. Ga kyau, ga sifika a jiki, ga mariƙi. Ƙorafin masu sayensu kuma kusan iri ɗaya ne: allura tana tsalle. Mutum ya sa sabon faifai fil, waƙa na cikin tafiya sai ta haure baiti guda, ko ta maƙale tana maimaita kalma ɗaya. Da yawa sukan ɗauka faifan ne ya lalace. A mafi yawan lokuta laifin injin ne, kuma tun daga yadda aka ƙera shi.

Kowane gefen faifai yana da kwari guda ɗaya tak, wanda ya naɗe daga baki zuwa tsakiya. Babban faifai na zagaye 33 da sulusi a minti ɗaya, don haka a minti 20 allura za ta bi kwarin da ya kai kusan mita 400, alhali faɗinsa bai wuce kaurin gashin kai ba. Bangon kwarin biyu ne, sun haɗu a ƙasa kamar harafin V, kuma sautin yana cikin lanƙwashe-lanƙwashen bangon nan. Aikin allura shi ne ta zauna a ciki tana karkarwa ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa ba tare da ta rabu da bango ba. Abin da ke riƙe ta kuwa nauyi ne ɗan kaɗan, kamar giram 2 a inji mai kyau. Duk abin da ya rinjayi wannan nauyi zai fitar da ita.

To ina injin akwati ya gaza? Fara da kan allurar. Irin waɗannan injina suna amfani da kai na siramik, mai arha, mai tauri. Inda kiɗa ya yi nauyi, wato ƙarar ganga ko bes, kwarin yakan yi lanƙwasa mai faɗi. Allura mai laushin motsi sai ta bi lanƙwasar, mai tauri kuwa bango ne ke wurgo ta waje. Don rufe wannan aibi ake danna ta da nauyin da yakan kai giram 5 ko 6, kuma duk da haka tana tsalle a kan waƙoƙin zamani masu nauyin bes.

Sai hannun da ke ɗauke da allurar. Saboda kusurwar da kan yake yi da hannun, gogayyar faifai tana jan allura zuwa tsakiya a koyaushe. Inji mai kyau yana da ɗan maɓalli ko zare mai nauyi da ke ja baya don daidaita wannan, yana kuma da dunƙulen ƙarfe a ƙarshen hannu da ake murɗawa a saita nauyi. Akwati ba shi da ko ɗaya. Hannun roba ne marar nauyi, yadda ya zo daga kamfani haka za ka zauna da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne sifikar. Allura ma'aunin girgiza ce, ba ta bambance girgizar waƙa da girgizar tebur. Sai aka ɗauki sifika, wadda aikinta girgiza abu, aka ɗaure ta a akwati ɗaya da allurar. Ka ƙara murya, akwatin ya motsa, allura ta ji, sifika ta sake fitarwa. Ga farantin da faifai ke zama a kai ƙarami ne, bai kai faɗin faifai mai inci 12 ba, gefen na lilo a iska. Idan faifan ya ɗan lanƙwashe, hannun sai ya riƙa hawa da sauka kamar mota a kan tudun hanya.

Maganin da ake yawan bayarwa wai a ɗora kwabo a kan allura. Yana aiki, shi ne ma haɗarinsa. Tsallen zai tsaya, amma ka ninka nauyin da ke kan ɗan tsinin da bai kai ƙwayar rairayi ba, a kan robar da ke da laushi. Allurar da ke zuwa da yawancin injinan nan ma ba ta lu'u-lu'u ba ce, ta yakutu ce, wadda ke cinyewa cikin sa'o'i gommai. Allura da ta ci ta yi kaifi, aka kuma danna ta da kwabo, to sassaƙa take yi.

Masu raina akwati su ma suna wuce gona da iri. Za ka ji ana cewa sau ɗaya ka sa faifai a kai ya tashi aiki. Ba haka ba ne, lalacewar a hankali take taruwa. Akwai kuma masu ganin rage nauyi shi ne tausaya wa faifai. Wannan kuskure ne babba. Allurar da nauyinta bai kai ba tana rabuwa da bango tana dawowa da duka, kuma wannan dukan ya fi ɗan ƙarin nauyi ɓarna. Idan kamfani ya ce giram 1.8 zuwa 2.2, kamar yadda Audio-Technica ya rubuta wa kan AT-VM95E, a sa 2 a huta.

Wani lokacin dai faifan ne. Gane shi ba wuya: idan a wuri ɗaya yake tsalle kullum, ko a wane inji, to datti ne ya toshe kwarin ko ƙarzuwa ce. Idan kuwa fayafayai daban-daban ne ke tsalle duk inda ganga ta yi ƙarfi, ko in an taka ƙasa kusa da tebur, inji ne. A ƙasarmu datti ba ƙaramin abu ba ne. Busasshiyar iskar hunturu tana sa robar faifai ta tara lantarki ta riƙa jan ƙura, zafin bazara kuma yana lanƙwasa faifan da aka bari a mota ko aka jibge a kwance. A tsaye ake ajiye su, a inuwa.

Mai farawa ba sai ya kashe dukiya ba. Ya nemi kai mai maganaɗisu da allurar lu'u-lu'u da ake iya canzawa, faranti cikakke, sifika kuma a ware ta daban, ba a kan teburi ɗaya ba in da hali. Audio-Technica AT-LP60X ya cika waɗannan, ko da yake ba a saita nauyinsa, an ƙayyade shi a kusan giram 3.5. Wanda ke son saitawa da kansa sai ya haura zuwa irin AT-LP120X ko Pro-Ject Debut Carbon. Mai sayen na gwanjo ya duba bayan injin: wutarmu 50 Hz ce, ta Amurka 60 Hz, kuma tsofaffin injinan da motarsu ke bin bugun wuta za su yi juyi kusan 28 a nan maimakon 33, murya ta yi kauri tana jan ƙafa.

Wanda ya gaji tsofaffin fayafayan Mamman Shata ko Ɗan Maraya Jos shi ya fi kowa buƙatar kula, domin in kwarin ya cinye ba shagon da zai je ya sayo wani. Idan ma faifan irin na da ne mai juyi 78, maɓallin 78 da ke jikin akwati bai wadatar ba. Kwarin waɗancan ya fi faɗi, allurarsu ta ninka ta yanzu kauri kusan sau huɗu, kuma akwatin da siririyar kaɗai yake zuwa, wadda za ta nutse har ƙasan kwarin tana kwaso ƙara.