Gwanintar Rage Faɗin Fallen Baka

Akwai wani irin baka da masu sha'awar harbi ke haɗawa a gidajensu a Amurka da Turai, wanda ba sanda ɗaya ba ce da aka sassaƙa. Falle-falle ake mannawa da gam: siraran katako ko gora a tsakiya, fallen zaren gilashi a baya da ciki. Kamfanin Fred Bear, wanda a lokacin yake Grayling a jihar Michigan, yana cikin waɗanda suka yaɗa wannan salo a farkon shekarun 1950.

Fallen gilashin yakan zo da tsawon inci 72, faɗi inci 1.5 zuwa 2, kauri kuwa kusan milimita 1. Yadda aka saye shi haka kaurinsa zai zauna, amma faɗinsa yana hannun mai aiki, kuma a nan ake gane gwani. In aka ninka faɗin hannun baka, ƙarfinsa sau biyu zai zama. In kauri aka ninka, sau takwas ne. Don haka kuskure kaɗan a kauri yakan lalata baka, faɗi kuwa yana karɓar gyara sannu a hankali. Bakan da ya yi wuyar ja, sai a ɗan ci gefensa har ya yi daidai da ƙarfin mai shi.

Wahalar tana cikin zaren. Ba saƙa shi aka yi ba, duk a miƙe yake daga wannan kai zuwa wancan. Da haƙorin zarto ya fizgi ƙwaya ɗaya, sai tsagar ta bi tsawon fallen kamar ɓawon kara. Shi ya sa gwani ke fara liƙa salatif na takarda a fuskar mai santsi, ya ja layinsa a kai. Ɗaya fuskar mai kaushi, wadda gam zai kama, ba ya barin yatsa ya taɓa ta, domin maiƙon hannu yana hana manni.

Gilashi yana dakushe zarton ƙarfe nan da nan. Wasu sukan ware masa tsohon zarto, wasu su yi amfani da injin yankan tayil mai bakin daimon, wanda ruwansa ke kwantar da ƙura. Ko da wanne aka yi, ba a yanka a kan layi. Ana barin milimita 1 ko 2, a ƙarasa da sanfefa, ana gogawa bisa tsawo daga mariƙi zuwa kai don kada zaren ya tashi. Takunkumi da safar hannu dole ne, don ƙurar tana sa ƙaiƙayi, tana kuma cutar da huhu.

Bayan an manna falle-fallen kuma gam ya bushe sai babban aiki. Za a ɗaure zare daga kai zuwa kai a fitar da layin tsakiya, duk awo daga gare shi yake tashi. Hannun baka yakan fara da faɗi kusa da mariƙi, ya yi ta tsukewa har inda tsirkiya ke zama. In gefe ɗaya ya fi ɗaya nama, kan zai murɗe ya karkata wajen mai rauni. Sabon shiga yakan kai sanfefa wajen da kan ya karkata, ya ƙara ɓata lamarin. Gwani gefen mai ƙarfi yake ci: ya goga kaɗan, ya ɗana tsirkiya, ya hango bakan bisa tsawo, sannan ya sake.

Daga ƙarshe yakan kashe kaifin gefunan su zama a kewaye, ya bi su da ɗan auduga. Duk inda audugar ta maƙale akwai sartsen da ido bai gani ba, wanda zai iya ɗagowa ran da aka ja bakan har ƙarshe. Sai audugar ta wuce sumul yake shafa fenti ya ɗauko kibiya.