Ƙari Ko Maimaici? Nazari a Kan Wasan Aftershock

Manufar wannan takarda ita ce auna Aftershock, wato ƙarin da kamfanin Voidpoint ya fitar a 2023 a kan wasan kwamfuta mai suna Ion Fury na 2019. Wasa ne na harbe-harbe, inda mai yin sa yake kallon fagen fama da idon jarumar wasan, Shelly Harrison. Da gangan aka gina shi bisa tsohuwar fasahar Build, wadda ta samar da Duke Nukem 3D a 1996.

Ma'aunin da za mu ɗauka kuwa na gida ne. A labarin Bayajidda, kisan macijiyar rijiyar Kusugu a Daura bajinta ce kurum. Abin da ya biyo baya, wato auren Daurama da haihuwar Bawo, shi ya mai da wannan bajinta tushen sarautun Hausa Bakwai. Ke nan ƙari nagari shi ne wanda ya sauya ma'anar abin da ya gabace shi.

Aftershock ya zo da sababbin fagage da babur mai shawagi, wanda ya ƙara wa wasan sauri ƙwarai. Sai dai jarumar tana nan yadda muka san ta, haka ma abokin gabarta Heskel. Saboda haka, a ganinmu, wasan ya ƙara tsawo, amma ma'anarsa tana inda take.