Hujjar Burutus: Nazari a kan Kisan Kaisar cikin Wasan Shakespeare

Wanda duk ya bi ta Ƙofar Mata a birnin Kano ba ya rasa ganin babban asibitin nan mai sunan Janar Murtala Muhammad, wanda aka harbe a Legas ran 13 ga Fabrairu, 1976. Shekara goma kafin wannan, ran 15 ga Janairu, 1966, aka kashe Sardaunan Sakkwato da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma duk sau biyun sai da masu aikin suka hau rediyo suna cewa don ƙasa suka yi. Saboda haka ɗalibin Kano ba baƙon zance ake kawo masa ba in aka ɗora masa wasan Yuliyas Kaisar, wanda Shakespeare ya rubuta wajen 1599, ya kuwa ɗauko labarin daga littafin Fulutak Bayunane. Tambayar da takan tashi a aji ita ce, shin Burutus yana da gaskiya da ya sa hannu aka kashe Kaisar? Malamai da yawa sukan raba gardama su ce kowa da tasa hujja. Wannan sulhu ne na ragwanci, gama wasan da kansa ya yanke hukunci.

Inda ya kamata a tsaya shi ne farkon kashi na biyu, sa'ad da Burutus ke shi kaɗai cikin lambunsa da dare yana shawara da zuciyarsa. Abin mamaki, bai kawo laifi ko guda da Kaisar ya aikata ba. Har ma ya amsa da bakinsa cewa bai taɓa ganin son zuciya ya rinjayi hankalin mutumin ba. Abin da ya dogara a kai kurum shi ne, watakila in an naɗa shi sarki halinsa ya sake, don haka sai a ɗauke shi kamar ƙwan maciji, a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. To, a lura da yadda zancen ya jeru: ya fara da yanke cewa lalle sai an kashe, sa'an nan ya koma neman dalili. Alƙalin da ya rubuta hukunci kafin ya kira shaidu, ko a ƙauye ba a ce masa adali. Shaidar da ta zo masa daga baya kuwa, watau takardun nan da aka jefa masa ta taga wai daga jama'ar Rum, Kasiyas ne ya ƙaga su da rubutu iri iri. Mai kallo ya san haka, Burutus ne kaɗai bai sani ba.

Amma fa ba a ce tsoronsa na banza ba ne. An rufe bakin wakilan talakawa biyu don sun cire adon da aka yi wa gumakan Kaisar. Kambin da ya ƙi karɓa har sau uku, an ce da ƙyar ya janye hannu daga gare shi. Ga kuma girman kai da ya nuna a majalisa dab da mutuwarsa. Mafi ƙarfin hujja ita ce, babu wata kotu a Rum da za ta iya kiransa. Duk da haka waɗannan alamu ne, alama kuwa tana halatta tsaro da gargaɗi da fito-na-fito a majalisa, ba ta halatta jini.

A nan kwatanci da tarihin ƙasar Hausa yana da amfani ga mai koyarwa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo shi ma ya tashi wa sarakuna, amma ya yi shekaru yana wa'azi a fili, ya yi hijira zuwa Gudu a 1804 kowa na gani, kuma cikin Kitabul Farƙi ya lasafta zaluncin da aka riga aka aikata, irin su haraji marar tushe da cin hanci da ƙwace dukiyar talakawa. Ko mai jayayya da shi ya san abin da zai amsa, shi ya sa Shehu Laminu na Barno ya sami damar yin musu da mutanen Sakkwato a rubuce. Su Burutus kuwa da dare suka taru, fuska a rufe, da safe suka je gidan Kaisar ya tarye su da abin sha a kan su abokai ne, suka raka shi zuwa inda za su soke shi.

Akwai wata matsala ta harshe da ta shafi wannan. Kalmar da Antoni ya yi ta nanatawa cikin jawabinsa na jana'iza akan fassara ta da "mai mutunci", amma fassarar ba ta zauna daidai ba. A bakin Burutus abin nan ra'ayin mutum ne game da kansa. Mutunci a Hausa kuwa tsakanin mutane yake, ana kiyaye wa wani nasa, ana kuma cin na wani. Da zarar an mai da labarin Hausa sai wata kalma ta kutso da kanta, watau "cin amana", balle ga wanda ya san cewa Burutus ya yaƙi Kaisar a Farsalus a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, Kaisar ya yafe masa, ya jawo shi jiki. Shakespeare bai tsaya kan wannan ba, Fulutak ne ya faɗa.

Abin da ya biyo baya ba shi ne ya mai da kisan laifi ba, tun cikin lambu ya zama laifi. Sai dai ya nuna yadda Burutus ya jahilci mutanen da ya ce don su ya yi. Ya sa abokansa su tsoma hannu cikin jinin har gwiwar hannu su fita kasuwa, yana zaton za a ga alamar 'yanci. Marinan Ƙofar Mata da hannu ake gane su, su ma haka aka gane su. Da ya gama jawabi wani cikin taron ya yi ihu a naɗa shi Kaisar, watau dai ba su ji abin da ya faɗa ba. Kafin dare an yayyaga mawaƙi Sinna don kawai sunansa ya zo ɗaya da na wani cikin maƙarƙashiyar. Sa'an nan Antoni da Oktabiyas da Lefidas suka zauna suna ɗiga alama a kan sunayen waɗanda za a kashe, har da ɗan'uwan Lefidas.

Ɗalibai sukan kawo yabon da Antoni ya yi wa gawar Burutus a filin Filibi su ce ga wankewa nan. Ya kamata malami ya sa su sake karantawa a hankali. Niyyarsa aka yaba, da cewa shi kaɗai ne ba hassada ta tura shi ba. Game da kisan kansa Antoni bai janye ko kalma guda ba, kuma wanda ya ba da umarnin yadda za a binne gawar Oktabiyas ne, magajin Kaisar.