Tsohon Gini da Sabon Aiki: Sharhi a Kan Kwalejin Katsina da Rijiyar Kusugu

Manufar wannan takarda ita ce a auna hanyoyi biyu da aka bi wajen raya wuraren tarihi a Jihar Katsina, don a ga wadda ta fi dacewa da Daura.

Hanya ta farko ita ce ta tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda su Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Magina sun gina ta da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa. Bayan makarantar ta koma Kaduna a 1938, ba a rushe ginin ba, daga baya ma aka mayar da shi gidan adana kayan tarihi. Abin yabo a nan shi ne sabon aikin ya bi siffar ginin. Azuzuwa sun zama ɗakunan nuni, bangon ƙasa mai kauri kuma yana rage wa kayan zafin rana.

Hanya ta biyu ita ce ta Rijiyar Kusugu, inda tarihin baka ya ce Bayajida ya kashe macijiya a zamanin Sarauniya Daurama. A nan an kewaye rijiyar ne da ginin zamani. Babu shakka ginin ya kare ta, amma ya raba ta da kamanninta na rijiyar gari, wadda mata ke taruwa a bakinta da guga. Baƙo ya kan fara ganin bango kafin ya ga rijiya.

Saboda haka, ra'ayin wannan takarda shi ne duk wani tsohon soro ko zaure da za a ba sabon aiki a masarautar Daura, a sa magina na gargajiya su zauna da masu zanen gini tun daga farko. A shigar da lantarki da hanyar ruwa ba tare da sassare azara ba. A kuma guji yaɓa siminti a kan tubali, domin yana tsare laima a ciki har bango ya ruɓe. Makuba ta fi dacewa, ko da yake tana bukatar sabuntawa a kai a kai, wanda hakan ne zai sa sana'ar magina ta ci gaba da rayuwa.