Minda a Matsayin Kirari: Nazari a kan Lambobin Nasara

Sunan unguwar Nasarawa da ke kudancin kogin Kaduna yakan tuna wa mai nazarin harshe kalmomi biyu waɗanda tsawon wasali da karin sauti suka raba, watau nasara ta yaƙi da Nasara Bature. A jikin minda kuwa kalmomin nan biyu sun haɗu, domin da ita Turawa suka riƙa ajiye labarin yaƙe-yaƙensu. Abin tambaya shi ne, ko ana iya ɗaukar minda a matsayin hujjar tarihi?

A ƙarni na 18 maƙeran Ingila sun buga mindodi masu yawa don yabon Admiral Vernon, wanda ya ci tashar Porto Bello daga hannun Sifaniyawa a 1739 da jiragen ruwa shida. A 1741 ya far wa Cartagena, labarin cin gari ya riga shi isa gida, aka zana kwamandan birnin, Blas de Lezo, a durƙushe yana miƙa takobi. Alhali garin bai ciwu ba, Vernon ne ya janye, cuta ta ƙarar masa da sojoji. An yi riga malam masallaci, ƙarfe kuma ba ya gyara kuskurensa.

Haka ya kamata a karanta mindar da Ingila ta ƙago a 1902 domin yaƙe-yaƙenta na Afirka. A fuska ɗaya akwai Sarki Edward na 7, a ɗayar kuma mace mai wakiltar Birtaniya tare da zaki. Maƙalin 1903 ya dunƙule faɗuwar Kano da Sakkwato a cikin sunan ƙasa da shekara kawai. Babu Sarkin Musulmi Attahiru na 1 da ya kwanta dama a Burmi. Maƙalin 1906 ma bai ambaci talakawan Satiru da aka karkashe ba.

Ashe minda 'yar'uwar kirari ce, tana kambama gwarzo, tana binne wanda aka kayar. Sai dai maroƙi kowa ya san aikinsa yabo ne, ita kuwa minda takan yi shigar shaida.

Amfaninta na gaskiya yana gefenta, inda aka zana suna da lambar sojan da aka ba. Da yawansu Hausawa ne da aka sa su yaƙi ƙasarsu. Daga waɗannan sunaye ya dace ɗalibin tarihi ya fara bincike.