Kafin a Yi wa Lemu Aure

Kowace bishiyar lemun aure bishiya biyu ce a jiki ɗaya. Ta sama ita ke ba da 'ya'yan da ake kasawa a kasuwa. Ta ƙasa kuwa, wato gindi da saiwa, ba mai ganin aikinta, alhali ita ce ke shan ruwa, ita ke fama da ƙasa da cuta, ita ce kuma ke yanke ko bishiyar za ta daɗe ko za ta bushe tana ƙuruciya. A Malanville ta arewacin Benin, garin shinkafa da albasa da ke bakin kogin Neja daura da Gaya, duk mai garkar da ya san lemu ya san cewa aikin yana farawa ne tun daga ƙwayar da za ta zama gindi, shekara guda kafin wuƙar aure ta taɓa ɓawo.

Ba kowane iri ne ke zama gindi a ko'ina ba. A ƙasashen sanyi kamar Japan, abin dogaro shi ne wani lemu mai ganye uku da manyan ƙayoyi, ɗan asalin ƙasar Sin, wanda ke zubar da ganye lokacin sanyi ya jure ƙanƙara. Matsalar arewacin Benin akasin wannan ce. Zafin Afrilu yakan wuce digiri 40, ƙasar tudu yashi ce mai saurin tsotse ruwa, ta fadama kuma laka ce mai riƙe shi har saiwa ta ruɓe. Don haka gwani yakan fara da duba ƙasar da za a dasa, sannan ya zaɓi iri.

A jigawa, jambiri ake so, lemun tsamin nan mai kaushi da kaurin ɓawo. Saiwarsa na nitsewa ƙasa, yana jure ƙishi, yana saurin girma, sai dai lemun da aka aura masa ba ya kai na wasu zaƙi, kuma idan ruwa ya kwanta a gindinsa sai ya kamu da ciwon da ke sa ɓawo tsagewa yana zubar da ƙaro. Bolkameriyana ɗan'uwansa ne a hali. Inda ƙasa ke da nauyi ko ruwa ke da gishiri, tanjarin Kiliyofatara ya fi, ko da yake yana jinkirin haihuwa. Akwai kuma lemu mai ɗaci, wanda da can ya fi kowane gindi farin jini a duniya, har cutar tiristiza, da ƙananan ƙwari masu tsotson ganye ke yaɗawa, ta kashe miliyoyin bishiyoyin da aka aura masa a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940. Mai reno da ya san wannan ba ya karɓar iri don kawai an ce masa na lemu ne.

Ina ake samo shi? Wasu sukan nufi masu reno na Gaya, inda noman lemu ya daɗe da kafuwa, ko Za-Kpota a kudancin Benin, ko kuma Najeriya, inda cibiyar NIHORT ta Ibadan ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Amma wanda ya riƙi sana'ar da gaske yakan bar wa kansa uwar iri: bishiyar jambiri ɗaya ko biyu a gefen garka, ba a yi musu aure ba, ana ba su ruwa da taki duk shekara, alhali 'ya'yansu ba su da wani kuɗi a kasuwa. A ganina nan ne ake gane mai dogon tunani.

Daga kan bishiya yake tsinko 'ya'yan, waɗanda suka nuna sosai. Wanda ya faɗi ƙasa ba ya ɗauka, domin a ƙasar ne ƙwayar ciwon ƙaro take zaune, kuma tana iya bin iri har cikin wurin reno. Sai yanka. Ba ya raba lemun biyu da sara ɗaya, don kada kaifi ya datse ƙwayoyin da ke tsakiya. Yakan zagaya da bakin wuƙa a kan ɓawo kawai, sama-sama, sannan ya kama gefe biyu ya murɗa, lemun ya rabu ƙwayoyinsa lafiya. Ya matse a kan rariya, ruwan ya wuce, iri ya tsaya. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da yauƙi, kuma yauƙin nan shi ke jawo fumfuna, shi ya sa yake murza su a tafin hannu cikin ruwa, ya zubar, ya sake, har sai ya ji sun daina santsi. Daga nan ya zuba su a ƙwarya cike da ruwa. Masu nauyi su nitse, fanko su taso, ya kwashe na saman ya watsar. Wanda ke da ma'aunin zafi yakan tsoma irin cikin ruwa mai digiri 52 na minti 10, zafin da ke kashe cutar ya bar ƙwaya da rai.

Wurin shanya ne da yawa suke yin asara. Manomin gero da dawa ya saba da cewa iri sai ya bushe ƙamas a rana kafin a adana. Irin lemu ba haka yake ba, idan ya bushe har ciki ya mutu. A inuwa ake baza shi a kan tsumma, iska ta ɗauke danshin bayansa kawai, a shuka cikin 'yan kwanaki. Shi ya sa irin da ya yi makonni a ƙulle cikin takarda yana yawo daga mota zuwa mota ba abin dogaro ba ne, ya fi kyau a yi tafiyar da lemun ɗungurungum, a fasa a gida.

Ana shukawa cikin yashin kogi da aka gauraya da ruɓaɓɓen taki, zurfin gaɓar yatsa, a ƙarƙashin rumfar zana. Cikin mako 2 zuwa 4 tsiro ke fitowa, amma a tsakiyar hunturu yakan yi nawa, domin lemu na daina girma idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 13. Sai kuma abin da ya fi ba ni mamaki a duk aikin: ƙwaya ɗaya takan fito da tsiro biyu ko uku. Yawancinsu daga jikin uwar kaɗai suka samu, halinsu nata ne sak, su ake nema. Wanda ya samu ta hanyar barbarar fure yakan saɓa, ko ya tsumbure, ko ya zarce sa'o'insa, ko ganyensa ya sake kama. Gwani yakan tsuguna ya bi layi da ido, ya tuge duk wanda ya fita daban. Ranar mayarwa cikin leda kuma yakan duba saiwa ɗaya bayan ɗaya, wadda ta lanƙwashe a wuya ya jefar, komai kyan ganyenta, don ya san bishiyar za ta shaƙe kanta bayan shekaru.

Sai gindi ya kai kaurin fensir ake auren. A tsaga ɓawo, a zura ido ɗaya da aka yanko daga lemun da ake so, a ɗaure da zaren leda. Bayan mako 2 zuwa 3 a kwance, idan idon yana nan kore, aure ya kama, sai a sare kan gindin don sabon toho ya miƙe. Gwani yakan ɗaga wurin auren kamar taƙi guda daga ƙasa, saboda feshin laka lokacin damina kada ya kai ga saman mai rauni.

Akwai mai tsince ƙwayoyin lemun zaƙi da aka sha aka tofar, ya cusa a leda ya kai kasuwa. Suna tsirowa, ganyensu ma sharr. Wanda ya saya zai jira shekara 6 ko fiye kafin ya ga fure, a kan bishiya mai ƙaya da ciwon ƙaro ke saurin kamawa, yayin da na aure ke fara haihuwa a shekara ta 3 ko ta 4. Mai sayen dashe da ya waye yakan duƙa ya nemi tabon aure a jikin kara, sannan ya tambaya: "Malam, wane gindi ne a ƙasa, kuma ina uwarsa take?" Wanda ya yi aikin da hannunsa zai faɗi sunan irin, ya kuma kai shi gindin bishiyar da ya tsinko.